Agwagwar Bafaranshe a Tafkin Kalmalo

Illela,
Laraba, 4 ga Maris, 1964

Zuwa ga Yaya Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ramatu da yara, da aikin jirgin ƙasa nan Gusau. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baba da Inna suna gaishe ka. In ka ga rubutuna ya karkace, fushi ne, ba jahilci ba.

Ka san shekara ukku ke nan nike tuƙa Landirobar Alhaji Maccido, kuma duk Lahadi shina kai manyan baƙinshi na Sakkwato harbin tsuntsun dinya Tafkin Kalmalo. Abin da ke cin ranshi, in anka harbi dinya cikin ruwa take faɗuwa, kafin a kai gare ta a yanka ta cika. Lahadin da ta wuce huɗu anka harba, ukku sunka zama mushe, a gaban baƙi.

Sai ga wani Bafaranshe daga Ƙonni da tsohuwar motar soja, wai tana tafiya tudu tana iyo ruwa. Cikinta kamar kwalekwale, ga farfela a baya. 'Yan kasuwa sun sa mata suna Agwagwa. Alhaji ya ce in ta yi abin da anka ce, zai saida tawa ya saye ta. Da direbanta take zuwa, wani Mukhtari mai baƙin tabarau, wanda ba a ce mishi direba sai "shofar". Wato in Landiroba ta tafi, ni ma na tafi.

Jiya a tasha Mukhtarin ya bubbuga ma motata ƙeya ya ce, "Ɗan'uwa, wagga jaka taka ta iya wanka?" Na ce mishi jaka dai ta san hanyar gida, agwagwa kuwa ƙarshenta tukunya. Da ba a riƙe ni ba, da daga gidan Yari za ka samu takardar ga.

Na leƙa na karanta farantin ƙarfen da ke jikinta. Ka tuna kuna yi mini dariya ina haɗa baƙaƙe jikin gwangwanin madara? To ga ranarshi. Nauyinta ya kusa biyun tawa. Faɗinta ba ya shiga tsakanin ƙayoyin hanyar Garu, sai ta zagaya. Mai kuwa sha take kamar raƙumin da ya fito Azbin. Amma Yaya, ba ni ɓoye maka, tana iyo. Tawa in ruwa ya wuce gwiwa sai salati.

Alhaji ya sa ranar Lahadi a gwada su, wadda ta fi kawo dinya yankakka ita za ta zauna. Ban gaya ma Baba ba. Ka san ra'ayinshi: ɗan maharbi ya aje baka ya koma warin fetur. Ya ma rantse ba ya shiga mota sai in gawarshi anka ɗauka. Ka sa ni addu'a.

Ƙanenka,
Almu

Illela,
Talata, 10 ga Maris, 1964

Zuwa ga Yaya Halliru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina iyali, ina gajiya? Mu nan sai godiya. Ka kira Ramatu ta zauna ka karanta mata wagga da ƙarfi.

Ran Asabar da hantsi na haɗiye girman kaina na tarad da Baba shina gyaran tarko, na zayyana mishi komai. Sai ya ce, "Rani ne. Tafkin ga tsakiyarshi kaɗai ke ruwa, gefenshi kunu ne." Ya ce dinya cikin bado take kiwo, inda ruwa bai kai gwiwa ba amma laka na haɗiye mutum har ƙugu. Hanya guda ce mai tauri, inda shanun Fulani ke bi zuwa tsibiri, shekara da shekaru kofato na daɓe ta. Na ce ya kwatanta mini. Ya ce hanyar cikin ruwa ba a kwatanta ta da baki, ya ci gaba da tarkonshi. Na fito ina cizon yatsa.

Lahadi da sassafe munka isa, sai ga shi bakin tafki da sanda da wuƙa! Na buɗe mishi ƙofa, ya harare ni, ya haye bisa murfin inji ya harɗe ƙafafu.

Mukhtari ya fara. Ya sa Agwagwa ta gefe mai zurfi, ta yi iyo, wallahi ta yi, mutanen Kalmalo na kabbara, baƙi na tafi. Dinyar farko tsakiya ta faɗa, ya kawo ta da ranta.

Sannan anka buɗe ma garken da ke cikin bado wuta, biyar sunka zube. Mukhtari ya juyo da gudu, sai cikin Agwagwa ya zauna bisa laka daram. Bado ya naɗe farfela, tayu na juyawa banza suna watsa ma Bafaranshen taɓo har gemu. Ba ruwan iyo, ba ƙasar taka.

Ni kuwa na rage iskar tayu, na sa giya ta ƙarfi, na ɗora bisa hanyar shanu. Baba na nuni da sanda, "Dama! Kai, dama na ce, kurma ne kai?" In munka kusa ya diro, ya taka inda shi kaɗai ya sani, bisimilla, ya yanka. Huɗu munka kawo, guda ta cika kafin mu kai gare ta. Da muna wucewa na leƙo na ce, "Shofar, ya wankan?" Bai ko cire tabarau ba.

Sai la'asar anka fid da Agwagwa, da sarƙata da bijimai shida na Fulani. Alhaji ya ce ma Bafaranshen ya gode, a gaida Ƙonni. Ni kuma ya ce mini, gaban baƙi, "Almu, Lahadi mai zuwa da wuri." Iyakarta ke nan, kuma ta ishe ni. Tsakaninmu dai, da damina ce da Agwagwa ta cinye ni. Kada ka gaya ma kowa.

Ga abin da ya sa nike rubuta maka. Jiya da safe ina wankin mota sai ga Baba. Bai ce mini mi na samu ba, bai ce sannu ba. Ka tuna layar nan ta jar fata da ke wuyan Dunƙule, karenshi na farauta, wadda ya aje tun ranar da karen ya mutu, ya hana kowa taɓawa? Ita ya ciro ya ɗaura ma madubin Landiroba, ƙulli ukku. Ya ce, "Kare mai kamu ba a barinshi ba laya." Ya juya ya tafi abinshi.

Yaya, na daɗe tsaye da tsumma a hannu.

Ka gaida Ramatu da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka, direba ɗan maharbi,
Almu