Akwatin da na kwance

Daren Lahadi, watan Nuwamba, Aubervilliers, kusa da Paris

Zuwa ga shugabannina, dattawan ƙungiyar 'yan Damagaram, gaisuwa da ladabi, ko da yake ba zan nuna muku wannan ba. Da hannuna nake rubutawa, ni Malam Habu, wanda bara ko sunansa sai an rubuta masa.

Yau kun roƙe ni in fasa komawa gida, domin babu wanda ya iya wankan gawa a cikinmu sai ni, alhali na riga na ɗaure akwatina. Ina son in zauna a zauren mahaifina, in ji kiran salla ba ta cikin waya ba.

Ɗan ƙanwata Hamisu, mai karatun falsafa a Lyon, ya ce masanan Rum na dā sun koyar cewa jin daɗi ba a wuri yake ba, yana cikin halin kirki da ɗaukar nauyin jama'a.

Na ce, "Su Rumawan nan, a garinsu suke zaune suna faɗar haka?"

Ya yi dariya. "Wallahi Kawu, wasunsu korarsu aka yi."

Ashe sun san kewa kamar ni. Na amsa zan zauna har in koya wa wani wankan. Na kwance akwatin, amma hular da na saya don ranar sauka gida, na bar ta ciki.

An yi haka a gaban dattijonmu Alhaji Isufu, da liman Malam Sani, da Hamisu, wanda ya ga na share ido, na ce masa sanyin Paris ne.