Diga Maimakon Kalme

Daren Talata, Kaura Namoda, farkon damina

Yau ma diga na wuni ina ƙerawa. Ga ruwa ya sauka, amma ko mutum ɗaya bai zo neman kalme ba. Wa zai shiga gona ya dawo da rai?

Da la'asar ƙanwata Hajo ta kawo mini ruwa maƙera. Tun da 'yan bindiga suka kashe mijinta a gonarsa ta Kurya Madaro take gidana. Ta tsaya tana kallon digogin da na jera.

"Yaya, waɗannan na masu haƙar zinari ne?"

Na ce nasu ne.

"Ka san duk buhun da ya fito rami sai mutanen daji sun ɗebi kasonsu. Da shi suke sayen harsashi."

Na sani mana. Kowa ya sani. Na ci gaba da zuga wuta kamar ban ji ba. In na bari, wani maƙerin zai karɓa, mu kuma mu kwana da yunwa.

Da aka kawo tuwo ta daɗe tana kallon kwanon. Daga baya ta ci, don tana shayarwa. Ni ne na kasa.

Ya Allah, gobe ma akwai sauran digogi shida da zan ƙera.