Na ce tana ganin aljanu, alhali gyaɗa take nema

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Nijar ce, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Aziziyya, nan Jidda. Wanka, canza shimfiɗa, ba da abinci a baki, duk mu ne. Cikin matan da ke hannuna akwai wata tsohuwa Bahaushiya, zan kira ta Iya. Tun tana da ƙuruciya ta zo ƙasar nan, ta ƙarar da ƙarfinta wajen sayar da gyaɗa a Bab Makka. Da gigin tsufa ya kama ta, Larabcin ya zube mata kaf, sai Hausa, kuma duk gidan ni kaɗai ke jin abin da take faɗa.

Kullum in la'asar ta yi, sai Iya ta yafa mayafi, ta ɗora farantin abinci a ka, ta nufi ƙofa. "'Yar nan, ba ni hanya, kasuwa za ta watse ban sayar ba." In aka tare ta sai ihu da duka, har ta taɓa yakushin wata nas. Ni kuwa na san maganin abin. Na taɓa kawo mata gyaɗa mai ɓawo, muka zauna a tsakar gida, tana ɓarewa tana ciniki da ni, tana ce min marowaciya. Har aka kira magariba ba ta waiwayi ƙofa ba. Amma wa zai ba ni lokacin zama? Mudira, shugabar gidan, ta ga ɓawo a ƙasa ta ce nan ba kasuwa ba ce, yalla, in yi sauri, sauran suna jira. Ga wannan ta ɓata shimfiɗa, ga waccan tana kuka, ni hannu nawa ne da ni?

Ranar da abin ya faru, Iya ta watsa min shayi mai zafi a ƙirji wajen kokawar ƙofa. Raina a ɓace likita ya shigo, ya ce in yi masa tafinta. Ya tambaye ni ko tana ganin abin da babu, ko tana jin muryoyi. Iya na gefe tana cewa, "Gaya masa gyaɗata kawai nake so." Wallahi ina jin ta. Na dube shi na ce, "Aiwa daktur, aljanu take gani." Na san irin ƙwayar da ake ba wanda aka ce haka, ta masu taɓin hankali, na ga yadda take kwantar da mutum. Hutu nake so, shi ke nan.

Hutun kuwa na samu. Yanzu Iya barci take wuni, jiki ya sandare, miyau na zuba, ko ruwa na ba ta sai ta ƙware. Matar da ke yi min tsiya, yau ko "'yar nan" ba ta iya cewa. Abin da ya fi ƙona min rai, ɗanta, haifaffen nan, ya zo ya gan ta shiru ya ce min, "Ya ukhti, Allah ya saka, Iya ta huta, halas, shi ke nan, babu rigima." Har dabino ya kawo min. Wane irin hutu ne wannan? Ko ɗaga kai ba ta yi ta dube shi ba.

To, an kawo sabuwar likita. Ta ce wannan magani bai kamata a ɗora wa mai gigin tsufa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, tana so a rage shi a hankali, kuma za ta tambayi kowace mai kula me ya sa aka fara. Mudira ta ja ni gefe. "Abin da kika faɗa da farko shi za ki maimaita. In ta farka, ke za ki yi fama da ita. Kuma ki tuna wa ke riƙe da iƙamarki." Kafilina, wanda takardar zamana a ƙasar ke hannunsa, mai gidan ne. In na ce ƙarya na yi, zai iya mayar da ni gida, ga yarana suna dogara da ni. In na sake cewa aljanu, Iya za ta ci gaba da shan ƙwayar, kuma ina tsoron wata rana ta ƙware ba ta dawo ba. Haushin mudira nake ji, da na likitan da bai sake tambaya ba, da na ɗanta, amma duk bakina ne ya ja.

Jiya ina goge mata fuska na ga babban yatsanta da manuni suna murza juna ba tsayawa. Sabuwar likitar ta ce rawar hannu ce da maganin ke sawa. Ni dai abin da na gani, Iya tana ɓare gyaɗa, babu gyaɗar.

Gobe likitar za ta kira ni. Don girman Allah jama'a, me zan yi?