Ashe Na'ura Ce Ta Yi Mini Ta'aziyyar Babana

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, abu ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa. Ni ba mutum ne mai kai ƙara ba, ko matata sai ta yi da gaske take jin cikina, amma wannan karon in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Ni kafinta ne, kujerun falo nake haɗawa. A hannun mahaifina na koyi sana'ar, tare da wani aboki da aka kawo masa tun muna yara. Baba ne ya raɗa mana suna, ni Guduma saboda ƙaton kaina, shi kuma Ƙusa saboda siranta. Kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha. Innata ba ta taɓa bambanta mu ba, in ma akwai bambanci to shi ta fi so, don ba ya mayar da magana. Da muka girma ni na riƙe zarto, shi ya buɗe shagon kayan aiki. Soso, yadin kujera, gam, ƙusa, duk a wurinsa nake saye, ban taɓa leƙa wani shago ba.

Sai ki san halin mutumin nan kafin ki gane abin da ya same ni. Ƙusa ba ya magana. In ka rubuta masa saƙo mai tsawon hannu, amsarsa ba ta wuce to. In ya ji daɗi ƙwarai ya ce to madalla. Haka na san shi, haka na saba da shi.

Allah ya buɗa masa, ya kama babban shago na biyu a can ɗaya ƙarshen gari, ya kwashe iyalinsa suka koma kusa da wurin. Ganin juna ya yi wuya. Sai dai in tura saƙo a lambarsa da na sani shekara da shekaru, in faɗi abin da nake so, motar kaya ta kawo mini har ƙofa. A bara ne na lura amsoshinsa sun canja. Kafin in ajiye wayar amsa ta iso, da gaisuwa, da tambayar iyali, har da kirana Guduma. In na ce soso mai kauri, sai ya tuna mini wanda na ɗauka wancan karon ya tambaya ko irinsa. Na nuna wa matata, ta yi dariya ta ce arziki ya kwance wa Ƙusa harshe. Ni kuwa wallahi daɗi na ji, na ce tsufa ya fara tausasa ɗan'uwana.

Cikin wannan hali ciwon Baba ya tashi. Ƙafar da ta daɗe tana damunsa ce ta fara kumbura, daga nan sai asibiti. Kin san mu maza, ba ma iya zama mu ce wa wani tsoro nake ji. Amma rubutu ya zo mini da sauƙi. Ina zaune a benci a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, in tura odar gam, sai in ƙara da cewa jikin Baba yau ba daɗi. Amsa ta zo da addu'a da ban haƙuri, kalamai masu sanyaya rai. Daga nan na saki jiki. Na faɗa masa abin da likita ya ce wanda na ɓoye wa Inna. Na faɗa masa ranar da Baba ya kalle ni bai gane ni ba, na fita bayan ɗakin na yi kuka kamar yaro. Abin da ban faɗa wa matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ba, shi na faɗa wa. Na ɗan yi mamakin da bai zo dubiya ba, amma na ce mai shago biyu ne, kuma ga shi kullum muna tare a waya.

Ranar da Baba ya cika, na kira lambar ba a ɗauka ba, sai na rubuta. Nan take ta'aziyya ta zo, doguwa, mai ratsa jiki, cewa uba irin wannan ba a maye gurbinsa, cewa tarbiyyar da ya ba mu ita ce gadonsa. Ƙanena ya ce bari ya hau babur ya je ya sanar da Ƙusa, na ce ya bari, na riga na faɗa masa. Da bakina na hana shi, Malama.

Aka kai Baba, ban ga Ƙusa ba. Aka yi zaman gaisuwa aka watse, ko ƙeyarsa. Inna ta dinga tambaya ina ɗanta, ko lafiya. Don in rufa masa asiri na ce tafiya ta kama shi, na ciro waya na karanta mata saƙon. Tsohuwar nan ta yi kuka ta sa masa albarka, ta ce ashe yaron nan haka ya iya magana. Har yau in kewar Baba ta taso mata sai ta ce in sake karanta mata. Ba a jima ba wani saƙo ya shigo, wai an kwana biyu ba a ji ni ba, ga sabon yadi ruwan ƙasa irin wanda nake so ya iso. Na kalli wayar nan na ce lalle duniya ta lalace.

Da na gaji da haɗiyar baƙin ciki, na wanke ƙafa na tafi shagon don in ji laifin da muka yi masa. Yana hango ni ya taso da fara'a, ya kama hannuna, ya shiga ciki ya fito da sandar dogarawa sabuwa fil mai kan roba, wai ya daɗe da saya wa Baba, yana ta son kawowa bai samu sarari ba, ya kuma tambaye ni ya ƙafar tasa. A gaban kwastomomi, Malama. Na rasa a duniya nake ko a lahira.

Da na tambaye shi batun saƙonnin da muke ta yi, a nan gaskiya ta fito. Ashe saƙonni sun yi masa yawa, masu tambayar farashi ba dare ba rana, sai wani kamfani ya haɗa masa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira a kan tsohuwar lambar, ita ke amsa kowa. Suka ɗora mata tsofaffin hirarrakinsa don ta san kwastomomi, a nan ta tsinci sunana na Guduma. Shi abin da ke iso masa kawai wane yana son kaya kaza, a kai wuri kaza. Ya yi sabuwar lamba ta kansa, wai ya tura wa kowa sanarwa, ni dai ban gani ba, ko na gani na ɗauka talla ce. Da na ce masa Baba ya rasu, sandar ta faɗi daga hannunsa, ya zauna a kan tulin soso ya rufe fuska. Ban tsaya ba, na juya na tafi.

Malama, an ci amanata. Watanni ina zuba cikina ga abin da ba shi da ciki. Ni da na ci kwano ɗaya da shi, ya haɗa ni layi ɗaya da mai tambayar kuɗin gam, ya sa inji ya riƙa kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Da ya buɗe baki sau ɗaya ya ce Guduma, lambar nan ba ni ba ne yanzu, da duk wannan bai faru ba. Ina jin kunya, ina jin haushi, har wayar ma ba na son gani.

Tun ranar yana zuwa wurin aikina. Ba ya cewa komai, sai ya zauna a tsohon bencin Baba, ya ɗauki samfefa ya yi ta goge ƙafar kujera, in ya gaji ya tashi ya tafi. Ban kula shi ba. Ta bakin ƙanena ya roƙi in bar shi ya je ya gaida Inna, na ce kada ya kuskura. In ya je za ta gane saƙon da take sa wa albarka ba nasa ba ne, kuma ni na yi mata ƙaryar tafiya. Na fara sayen kaya a wani shago. Matata ta ce na cika riƙo. Ki gaya mini, in yanke shi gaba ɗaya ne, ko yaya zan yi da tsohuwar nan da har yanzu take tambayar ɗanta?

Naki cikin damuwa,
Guduma

AMSA

Malam Guduma, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Haushinka yana kan hanya, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. Ka buɗe cikinka a lokacin da ka fi kowane lokaci rauni, kana zaton ɗan'uwanka ke saurare, ashe babu kowa a wurin. Amma ka cire kunya daga ciki. Wanda ya yi kuka don ubansa bai yi abin kunya ba, ko bango ya faɗa wa.

Abokinka ya yi laifi. Sa manhaja ta amsa masu tambayar farashi ba aibu ba ne, mutum ɗaya ba zai iya da saƙon gari guda ba, kuma masu ƙananan sana'a da yawa suna samun sauƙi da ita. Laifinsa shi ne ya bar ta tana magana da bakinsa ba tare da ta ce ita na'ura ce ba, ya miƙa mata hirarku ta shekaru kamar kayan shago, sannan ya juya baya bai ƙara leƙa abin da ake rubutowa ba. Ko sabon yaron shago ka ɗauka, ai kana gaya masa in maganar ta wuce ciniki ya kira ka. Kai kuwa ba sanarwar kowa da kowa ta dace da kai ba, kira ya kamata ya yi maka.

To amma laifi tudu ne. Watanni Baba yana kwance, ba ka ce wa Ƙusa ya zo ba, ba ka nemi jin muryarsa ba sai ranar ƙarshe. Ka san mutumin nan tun kuna yara, ka san amsarsa ba ta wuce to, da dogayen kalamai suka fara zuwa ka karɓa don sun yi maka daɗi. Ban ga laifinka a nan ba, kowa zai so hakan. Ina dai nuna maka cewa ku biyun kun bar waya ta riƙe muku abin da ba aikinta ba ne.

Akwai kuma abin da zafin rai ya hana ka gani. Ba kai kaɗai aka yi wa asara ba. Mutumin da ya rene shi ya koya masa sana'a ya yi jinya ya rasu aka binne, shi bai sani ba, ya ji labari a tsaye a gaban kwastomomi da sandar da ya saya masa a hannu. Kai ka yi jinya, ka raka shi makwancinsa. Shi bai samu ko ɗaya ba, kuma zai rayu da sanin cewa sakacinsa ne ya jawo. Wannan sakaci ne mai muni, amma wanda ya yi niyyar cin amana ba ya sayen sanda.

Game da Inna, ka gaya mata gaskiya da kanka, kafin ta ji a bakin wani. Ka ce mata Ƙusa bai ji rasuwar ba sai daga baya, saƙon kuma na'urar shagonsa ce ta rubuta, kai ma ba ka sani ba a lokacin, maganar tafiya kuma ka yi ta ne don ka kare shi. Za ta ji ba daɗi, amma kada ka raina tsohuwa. Abin da ke cin ta yanzu shi ne ɗan da ta rena bai tako ya gaishe ta ba, kuma kai ne ka tare ƙofar. Albarkar da ta sa ba ta ɓata ba, shi ta nufa da ita.

Maganar ciniki kuwa, ka saya inda ranka ya kwanta, wannan ba dole. Amma in kun zauna ka gaya masa ya gyara shagonsa: manhajar ta riƙa faɗa tun a saƙon farko cewa ita na'ura ce, duk maganar da ta wuce kaya da farashi ta miƙa masa, a goge hirarku daga cikinta, shi kuma ya riƙa duba saƙonnin da idonsa. Masu sana'a da ke karanta wannan fili, ku ma da ku nake. Wanda ke rubuto muku ba koyaushe farashi kaɗai ya kawo shi ba.

Ka ce yana zuwa ya zauna a bencin Baba yana goge ƙafar kujera ba ya cewa uffan. Malam Guduma, mai shago biyu ba ya rasa abin yi. Ta'aziyyar ke nan yake yi maka, da irin bakin da Allah ya ba shi, kuma wannan karon shi ne da kansa. Zumunta a ƙafa take, ga shi ya kawo tasa har inda kake. In ya dawo gobe, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ajiye guduma, ka ce masa ya tashi ku je Inna tana kira.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa albarka a sana'arku ku biyun.