Littafin Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na tayar da ke daga hutunki da wannan takarda. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya jikoki, ya maigidan da ciwon bayansa? Allah ya ƙara sauƙi. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Kin san muryata ba ta kai bakin ƙofa, gara in rubuta.

Maganar ɗanki ce. Yi haƙuri, Dakta ya kamata in ce. Tun da aka ba shi ɗakin gwajinmu ya ce da wannan suna za a riƙa kiransa, ni ma haka nake yi, ni da na goya shi a bayan injin nan kina ɗora kiristal, 'yar ƙwayar nan mai kama da ta gishiri, a kan allura.

Ke kika koya mini aikin nan, Yaya. Kin ce idan hasken eksire ya ratsa kiristal ya bar ɗigo-ɗigo a faifai, kowane ɗigo lamba biyu gare shi: ƙarfin haskensa, da iyakar kuskuren da za mu iya yi wajen auna shi. Ta biyun muke ce wa layin shakka. Kin ce injinmu mai cika baki ne, kullum yana rage shakkarsa, don haka sai mun auna ɗigo ɗaya sau da yawa, mu ga yadda awon ya saɓa wa juna, mu faɗaɗa shakkar har ta yi daidai da saɓanin. In an yi daidai, lambar gwaji tana tsayawa kusa da ɗaya.

Dakta ya tsallake wannan mataki. Ya ɗauki shakkar da inji ya faɗa da bakinsa, sai ɗigo-ɗigon gefen faifai, waɗanda da ƙyar ake rarrabe su da duhu, suka zama shaidu masu ƙarfi. Da su ya zana hoto, ya ce ya hango maganin da yake bincike a kai zaune a cikin furotin, sinadarin da aka yi kiristal ɗin da shi. Har an buga hoton da launi an rataye a baranda, Farfesa, shugaban sashenmu, yana tsayar da baƙi a gabansa. Na sake lissafin a natse. Lambar gwajinsa huɗu ce saura kaɗan, wato sai an ninka shakkar sau biyu. Da na ninka, abin da ya kira magani ya koma ɗan hayaƙi. Zai iya zama magani, zai iya zama ruwa, zai iya zama babu komai.

Yanzu ana so in sa hannu a takardar da ke cewa an auna komai bisa ƙa'ida, kafin a tura binciken mujalla. Na roƙi a ba ni mako guda. Me kike gani?

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki ta ɗakin inji.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, amsarki ta iso. Na ji daɗi da kumburin ƙafar ya sauka. Na karanta inda kika ce yaro ne, a bi shi a hankali. Yaya, yaron nan yana da furfura a gemu.

Duk da haka na bi shawararki. Na same shi shi kaɗai a ofis, na ajiye masa lissafin a tebur, ban ɗaga murya ba, da ma ba ni da ita. Bai duba ba. Yana latsa waya yake gaya mini cewa a inda ya yi karatu kwamfuta ke wannan aiki, kuma saɓanin daga hannuna yake, wai na tsufa, hannuna na rawa wajen ɗora kiristal. Ya kira ni Anti, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Shekara uku a waje, ya dawo da gilashin ido da jakar fata, amma bai san maɓallin da ke kunna sanyin injin ba. Ni nake zuwa in kunna bayan ya fita, don kada a yi masa dariya.

Ranar Litinin ya ce zai nuna wa Farfesa laifin hannuna. Ya ɗauko kiristal ɗin farin ƙwai, wanda muke gwada inji da shi duk mako, ya ce shi zai ɗora da kansa. Biyu ya fasa, na uku ya faɗi a kan takalminsa, na huɗu ya hau a karkace. Na tsaya can gefe, hannuwana a cikin aljihun farar riga, don kada a ce na taɓa wani abu. Da lissafi ya fito, lambar gwaji huɗu saura kaɗan. Hannunsa da nawa, amsa ɗaya.

Na zaci magana ta ƙare. Ko kunya bai ji ba, ya juya ya ce to inji ne ya lalace kwanan nan, bayan an gama awon maganinsa, kuma sakacina ne ya lalata shi. Farfesa kuwa, Allah ya ba shi lafiya, rabonsa da taɓa inji tun ana wanke hoto a ɗakin duhu. Gyaɗa kai kawai yake yi, duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Hankalinsa na kan sunansa da zai fito a mujalla.

Ina yarinya, malaminmu na allo ya taɓa sa ni wanke rubutun yini guda saboda ɗigo ɗaya da na ƙara a inda babu shi. Na yi kuka, na wanke. Ban san zan girma in tarar da masu digiri uku suna ƙara ɗigo ana yi musu tafi ba. Astagfirullah, bakina ya yi tsawo.

Ga abin da nake roƙo. Littafinki mai koren bango, wanda kika riƙa rubuta gwajin ƙwai a ciki duk Litinin har shekara goma sha ɗaya, kin tafi da shi ranar da kika yi ritaya. Nawa ba za su karɓa ba, sun ce hannuna ne matsalar, ga shi an goge tsofaffin bayanai da aka canja kwamfuta. Naki ne kaɗai zai nuna cewa tun ranar da aka kawo injin nan haka halinsa yake.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Kwana tara ke nan ban ji daga gare ki ba, ina fatan ba jikin ba ne.

Ban sa hannu ba. Jiya aka karɓi makullin ɗakin inji daga wurina, aka mayar da ni sito, ina ƙirga kwalabe da safar hannu. Bayan shekara talatin da biyu ina aiki a ɗakin nan. Dakta bai iya zuwa da kansa ba, sakatariya ya aiko, ita ma ta zo tana sunkuyar da kai. Yau da safe na wuce ta ƙofar na ji injin shiru, ba wanda ya kunna sanyin. Na tsaya, na kama hanyata, sai na dawo na rubuta yadda ake kunna shi a 'yar takarda na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Injin bai yi mini laifi ba.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kan zargin cewa na lalata kayan aiki. In suka yarda da shi, sito ma ba zan zauna ba. Za su tambaye ni ko ina da hujja. Ba zan yi musu ƙarya ba, Yaya, zan ce akwai littafi, in suka ce yana ina, zan faɗa. Na ga ya kamata ki ji wannan daga gare ni kafin ki ji a bakin wani.

Na san abin da nake nema. Na tuna a shafin ƙarshe na littafin akwai motar da ya zana da jan biro yana ɗan shekara biyar, kika ƙi yage ta. Ba na son a kore shi. Kiristal ɗinsa na nan cikin sanyi, wata biyu sun isa a sake awon da kyau, wataƙila ma maganin yana wurin da gaske. Ni dai ban gan shi ba tukuna, shi ma bai gan shi ba.

Da zan samu yadda nake so, ki kira shi gida kafin Alhamis, ki buɗe masa littafin a gabanki, ya karanta rubutun uwarsa, ya janye takardar binciken da kansa. In ba za ki iya ba, ki aiko mini da littafin. In kuwa kin zaɓi ki bar shi a akwati, ki gaya mini a fili, in san da abin da zan shiga ɗakin nan. Zumuncinmu ba zai taɓu ba, amma ba zan sa hannu ba.

Don Allah ki ba ni amsa kafin Laraba.

Ƙanwarki, wadda kika koya wa aiki.