Kakin Malam Sani

Laraba da dare, Sharada

Yau na rubuta ƙarya a littafin gwaji.

Malama Zainab, mai kula da ɗakin gwajinmu, ta tafi sallar La'asar, ta bar ni da kakin kyandir ɗin da aka haɗa da safe. Shekara biyu ke nan ina cusa kaki a siririn bututun gilashi, in ƙara wuta a hankali, in zuba wa ma'aunin zafi ido. Ban yi boko mai nisa ba, amma ɗigon farko bai taɓa wuce ni ba. A digiri hamsin da takwas ya kamata ya narke, sai ga shi ya zama ruwa a hamsin da uku. Na sake gwadawa, haka dai.

Malam Sani ne ya haɗa shi, mutumin da ya kawo ni kamfanin nan daga ƙauye. Sau biyu an ja masa kunne, na uku kora ce. Ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Ɗana, ya kayan namu?"

"Lafiya lau, Baba."

Na rubuta hamsin da takwas. Malama ta dawo ta sa hannu, ko dubawa ba ta yi ba. "Ai idonka ya fi injin, Habu." Gara ma a ce zagina ta yi.

Jibi za a loda kayan a mota, cikin wannan zafin. An ɗauke wuta, na kunna kyandir ɗaya na kakin nan da na taho da shi gida, kuma tun ban gama shafin nan ba ya sunkuya. Gobe da sassafe zan kai wa Baba shi, sannan in wuce wurin Malama.