Na'urar Muttaka Tana Cikin Akwati

Litinin, 3 ga Yuli, 2006

Yau na canza wa na'urar maigidana Muttaka batir da kaina, karon farko da ba ya tsaye a kaina yana mita. Muttaka ya sha gaya min: "Hajara, 'yar kwamfutar nan da wuta take riƙe abin da ke cikinta. In kin zare tsofaffi ki zura sababbi nan take, ko sallama aka yi kar ki amsa. Ta jima babu batir, komai ya tafi."

Allon ya kawo. Rubutun nan ya fito a sama: Gulbi, aikin Muttaka Yusuf. Na kifa ta a cinya na yi kuka har 'yarmu Sakina ta farka.

Tsohuwa ce tukuf, ba ta fi tafin hannu ba, ko a Kano an daina sayar da irinta. Amma shekarunsa ne a ciki. A sa mata awon ruwan ƙarƙashin gada, ta faɗi yaushe kogi zai hau gonakin fadama. Kwafin da ya ajiye ya tafi bara, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona babbar kwamfutarsa. Kullum zai sake, zai sake. Allah ya jiƙanka, mai taurin kai.

Juma'a, 7 ga Yuli

Malama Sumayya ta sashensu a jami'a ta zo. Bayan ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, sai ta ciro wata na'ura irin tasa sak daga jaka. Wai guda ɗaya ce ta rage musu mai aiki. A jera su baki da baki, ta ce, manhajar ta haura can, shi ke nan an huta da fargaba.

Na ce to, in ta haura ta wa ce?

Nan ta fara kame-kame. Sashe na ganin tasu ce, tunda yana ma'aikacinsu ya rubuta. Na'urar kuma wasu Turawa ne suka kawo lokacin wani bincike, sun tattara sun tafi. Kamfanin da ya yi ginshiƙin da aka ɗora manhajar a kai an sayar da shi, an kuma sayar da wanda ya saya, yanzu ba wanda ya san mai shi.

Na ce ni na san mai ita. A ɗakin nan ya rubuta ta, ina jegon Sakina ina karanto masa lambobi. Na tambaye ta sunan wa zai dinga fitowa a allo.

"Na sashe, da nasa a ƙasa, ina jin."

Ina jin! Na ce ta gaida gida.

Laraba, 12 ga Yuli

Raina a ɓace yake, ban ma san ta ina zan fara ba.

Yaya Haruna, wan Muttaka, ya zo daga Darki da akwatin ƙarfe. Za a haɗa kayan mamaci a kulle har ranar rabon gado, haka ake yi a gidansu, ko allura ba a bari. Rediyo, agogo, takardun babur, duk ya kwashe. Ina bayan labule, takaba ta ɗaure ni. Sai ga Sakina ta fito da na'urar tana cewa ga ta Abba.

Na ce, "Yaya, wannan a bar min ita."

"Maman Sakina, ba ƙwace ba ne. Haƙƙin marainiya ne a wuyana. In na bar ɗaya, gobe me zan ce wa Allah?"

Na so in yi masa bayani. Na fasa. In ya ji jami'a na nemanta, zai ɗauka wata dukiya ce, ƙila ma ya je su daidaita a bayana. Abin da na ce kawai, don Allah kar kowa ya taɓa ta. Ya ce in sha Allahu.

Batiran sababbi ne. Za su kai wata, in ba a kunna ta ba.

Lahadi, 16 ga Yuli

An wuni ana ruwa. Ina jin sa a kwano ina lissafin batir.

Alhamis, 20 ga Yuli

Baba Maikano, shugaban masu shinkafar bakin kogi, ya tsaya a zaure. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "'Yata, bana wa zai gaya mana? Malam Muttaka yakan aiko a ce ku janye injina, ku yanke ta ƙasa. Ba mu taɓa jin kunya ba."

Na ce abin yana Darki a kulle. Ya ce Allah ya kyauta. Da ma zagina ya yi.

Talata, 25 ga Yuli

Na haɗiye girman kai na kira Sumayya. Na ba ta batir, na roƙe ta ta je Darki ta canza kawai. Ta je. Yaya ya karɓe ta da fura da mutunci, ya ce akwatin marayu ba ya buɗuwa sai gaban malam da shaidu. Da ta ambaci jami'a kuwa sai ya ƙara tamke fuska. Abin da na guda ke nan.

Da ta dawo ta ce, "Anti, da kin bari ranar nan..." Na ce kar ta ƙarasa.

Ba ta ƙarasa ba. Ni na ƙarasa a raina, ban ji daɗinsa ba.

Laraba, 2 ga Agusta

Na aika wa Inna, mahaifiyarsu, da saƙo filla-filla: batir, wuta, komai, ban ɓoye ko ɗaya ba. In ma dukiyar ce su ɗauka, su dai bar ta da rai. Amsa ta dawo wai in kwantar da hankalina, Yaya ya ce tun ranar farko ya adana ta yadda ba abin da zai same ta. An sa rabo ranar Asabar, a nan gidan, don in ji da kunnena.

Har na ci tuwo yau.

Asabar, 5 ga Agusta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na samu ya fita daga ƙirjina. Malam da shaidu suna tsakar gida, ni da Inna da Sumayya muna ɗaki, an ɗage labule kaɗan. Yaya ya buɗe akwati yana fito da kaya ɗaya-ɗaya. Ga rediyo. Ga tocila. Ga na'urar a naɗe cikin farin ƙyalle, tsaf, kamar Alƙur'ani. Sai ya ɗago wata 'yar leda a ƙulle.

"Ga batiransu nan duka, na rediyo da na tocila da na wannan. Ranar da na kai su gida na zare, kar su yi ruwa su ci kayan yarinya."

Yana faɗa yana kallon malam, irin kallon wanda ya riƙe amana. Malam ma har ya ce madalla.

Ban san na yi ihu ba sai da Inna ta riƙe ni. Na ce ya kashe shi, ya sake kashe min shi. A gaban maza, ina takaba! Sumayya ta fita ta karɓo na'urar, ta sa batir. Allon ya kawo fari fat. Tana tambayar kwanan wata, kamar yau aka sayo ta.

Yaya ya ce, "To ai ga shi ta kama." Saƙon da na aika wa Inna ashe bai fahimce shi ba, ya ɗauka kar batir ya lalata ta nake nufi. Da Sumayya ta yi masa bayani a hankali, sai ya zauna a ƙasa, dattijo guda, ya cire hula. Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba tun ran nan?"

Na saki labulen.

Lahadi, 6 ga Agusta

Ba na son ganin kowa. Sakina na tambaya ina sunan Abba ya tafi.

Litinin, 14 ga Agusta

Ruwa ya hau fadama shekaranjiya, ba wanda ya shirya. Shinkafar ƙasa ta tafi, injin Baba Maikano ma sai da aka shiga da kwalekwale aka ciro. Ya aiko a gaishe ni, wai in daina sa abin a rai.

Jami'a ta yi shiru da maganar tata ce. Kowa ya yi shiru. Yaya ya aiko da na'urar, an ce ta faɗo a rabona. Yanzu kam tawa ce, ba mai ja.

Juma'a, 25 ga Agusta

Sumayya ta biyo da yamma, ba don komai ba, gaisuwa. Muna hira ta ce ita abin da ba ta taɓa ganewa ba shi ne yadda yake haɗa awon gada da ruwan da aka saki daga dam. Na ce ai ba haɗawa yake ba, jinkirtawa yake, kuma na watan Agusta daban yake da na Yuli. Bakina ne kawai ya faɗa. Ashe suna nan, lambobin da na yi ta karanto masa ina jijjiga Sakina. Ba duka ba. Wasu.

Ta ciro biro. Ban hana ta ba.

Mun kai har kiran magariba. Ta ce ko da na tuna rabi, sai an yi damina biyu ana gwadawa kafin a amince da sabuwar manhajar da za a rubuta, kuma ba lallai ta kai tasa ba. Na ce na sani. Na miƙa mata na'urar ta tafi da ita, ta fi amfani a can, tunda biyu sun fi ɗaya in za a dinga kwafi. Na ce kuma a ba Baba Maikano labari. Yaya ma, in ya zo cin kasuwa, a ce masa ya shigo ya ga Sakina. Don yarinyar ne.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Anti, in an gama, sunan wa za a sa?"

Na ce ta dai zo da wuri gobe, ruwa ba ya jiran mu.